Tambayar da Ban Amsa wa Kawu Ba

Tun da muka dawo daga maƙabarta tabarmin ƙofar gida ba su huta ba. Kawuna ne ya rasu, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami bayan ta bar duniya. Direba ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da Zurmi cikin wata tsohuwar a-kori-kura, kuma sai da ya mutu na san yawan mutanen da motar nan ta ɗauka.

Direbobin tasha ne suka fara zuwa, da hulunansu masu maiƙo. Ɗaya daga cikinsu ya zo gaisuwa, ya zauna kawai yana murza makullin motarsa. Wani dattijon Bafulatani ya zo tun daga wajen Jangeru, ta hanyar nan da kowa ke tsoro yanzu. Ya ce shekarun baya Kawu ya kai matarsa asibiti ba ta san inda kanta yake ba, kuma duk tsawon tafiyar waƙa ɗaya yake maimaita mata a rediyon mota don kada ta tsorata in ta farfaɗo. Ya ce kalmomin sun ɓace masa, amma ya riƙe karin. Sai ya shiga rera shi a maƙoshi, a kan tabarmar makoki, har wani ya taɓa masa gwiwa. Daga cikin gida kuma muka jiyo wata mai sayar da hatsi daga Zurmi tana cewa, "Yanzu wa za ya sake shanya mu cikin rana sai waƙatai ta ƙare?" Mata suka yi dariya, dariyar ta juye kuka.

Wani dattijo na masallacin unguwa ya shafa addu'a, sannan ya ce, "Mutumen kirki na, ba ya da abokin hwaɗa. Sai dai kiɗe-kiɗen ga. Allah shi yahe mai."

Yaya, babban ɗan Kawu, shi ke karɓar gaisuwa. Ya ce, "Ai ya bari kahin shi rasu."

Sai da kunnuwana suka yi zafi. Bai bari ba. Ko na yini ɗaya bai bari ba. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba har an fara gyara shi, ana mai da shi wani tsoho mai shiru wanda ni ban taɓa sani ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, tun kafin a gama goge shi.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da ni, in ba haka ba sauran maganar ba za ta shiga ba. Ni ba ni da imani. Ban yarda akwai mai sauraron addu'a ba. Ba wani ya ɓata mini rai ba, ba kuma littafin wani ya juya mini kai ba. A hankali abin ya tsiyaye, wata rana na duba ban same shi ba. Ina koyarwa a wata sakandare a nan Ƙaura, ina shiga sahu, ina ɗaga hannu in an ɗaga, domin na san garin da nake. Saboda haka ma ba za ku ga sunan kowa a rubutun nan ba. A duk duniya mutum ɗaya ne ya san wannan magana, kuma shi muka binne. Shekara da shekaru yana jiran ranar da zan zo in ce masa na dawo.

Motar Kawu ba ta da abin a zo a gani. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, in an yi ruwa kuma sai an tura take tashi. Amma rediyon kaset ɗinta kullum a goge yake. Kaset-kaset ɗin suna cikin wani gwangwanin alewa a ƙarƙashin kujera, an naɗe shi da tsohon rawani don kada zafi ya narka su. Akwai masu kalangu, akwai masu kotso, akwai mawaƙan noma da na dambe, akwai 'yan bege masu mandiri. Ba ya wariya. Abin da kunnensa ke farauta a cikin kowace waƙa shi ne wurin da mawaƙin ya juya ya ambaci Ubangiji.

Tica yake kirana tun ranar da na kama aikin koyarwa. Yakan ce, "Tica, dud mawaƙin ƙasar ga, ko na dambe na, da sunan Allah shika buɗe baki. Amma wani gaisuwa shikai, wani kuwa kira shikai. Kasa kunne ka ji." Sai ya mai da kaset baya, ya sake mai da shi, har sai na ce na ji, ko don in huta.

Yana da doka ɗaya da ta sa fasinjoji suka sha zaginsa a ɓoye. Ba ya kashe mota a tsakiyar baitin da ake ambaton Allah. Ko an iso tasha, ko rana tana gasa mutanen da ke baya a kan buhuna, ba zai sauko ya kwance igiyar kaya ba sai baitin ya kai ƙarshe. Su yi ta buga rufin mota suna cewa, "Direba, mun iso hwa." Shi kuwa sai ya fito da yatsa ɗaya ta taga. In ya sauko ya ce, "Ba a katse ma bawa magana shina tsakiyar kiran Ubangijinai." Wasu su yi tsaki, wasu su ce Allah ya shirye shi, mako mai zuwa kuma motarsa za su sake shiga.

Muryarsa kuwa, Allah na tuba (kun ga har yanzu da irin kalmomin nan bakina ke magana), kamar ana jan ƙofar langa-langa. Wannan bai hana shi ba. Shi ke jan waƙa, yana kiɗa da yatsu a kan sitiyari, duk wanda ya zauna gaba kuma dole ya yi amshi. Na ga dillalin shanu mai ƙaton rawani yana yi wa Kawu amshi daga Shinkafi har Ƙaura, fuska a murtuke, don ba shi da wata motar.

Da zamani ya juya, waƙa ta koma cikin waya, Kawu ya ce shi ba ruwansa da waƙoƙin fiyano, kiɗan inji ne. Ya daɗe a kan haka. Rannan a tasha ya ji wata waƙar fim tana tashi daga shagon masu tura waƙa, wani saurayi yana roƙon Allah ya bar masa uwarsa har ya samu abin da zai kyautata mata. Kawu ya tsaya da butarsa a hannu har aka gama. Da yamma ya miƙo mini wayarsa, yana kallon wani wuri, ya ce, "Sa min ta yaron ga. Ba don kiɗin ba."

Yadda ya gano ni kuwa, ba faɗa masa aka yi ba. Lokacin hutun makaranta nakan raka shi kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Wata rana muna dawowa, mu biyu da lodin albasa, ya tsaya gefen hanya a gindin wata tsamiya don la'asar. Ya ja salla, na bi. Da ya sallame ya daɗe a zaune. Sannan, bai ko juyo ba, ya ce, "Tica, tun yaushe?"

Na ce, "Tun yaushe me, Kawu?"

Ya ce, "Jikinka na bayana, kai ba ka nan. Na daɗe ina ji."

Da na so, da na yi masa ƙarya. In ce gajiya ce, in ce tunanin aiki ne. Amma na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai, kuma mutumin nan shi ya yi mini wanka ina ƙarami. Na faɗa masa. Ban ƙawata ba, ban rage ba. Ya naɗe buzunsa, ya karkaɗe shi, muka shiga mota. Daga gindin tsamiyar nan har Ƙaura bai kunna kaset ba. A ranar na fara jin duk ƙarar da motar nan ke yi, kowane ƙarfe da kukansa. Wallahi na fi son da marina ya yi.

Makonni suka wuce bai neme ni ba. Kullum ina jiran in ga maganar ta fasu, in ga Yaya a ƙofar ɗakina, ko shugaban makaranta ya aiko kirana. Na san abin da irin wannan magana ke jawo wa mutum a nan, har na fara tunanin garin da zan koma. Shiru. Ko Inna, matarsa, bai faɗa wa ba. Rannan ana tashi daga makaranta na ji hon ɗin da na sani a bakin ƙofa. Ya leƙo ya ce, "Shigo ka ji wanga." Sabon kaset ne na bege. Muka zauna cikin mota a tsaye muka saurare shi har ya ƙare, ba wanda ya kalli wani.

Sannan ya ce, "Ni ban iya gardama da ɗan boko. Abu biyu zan ce maka. Roƙo zan yi ta yi maka, ba ka hana ni. Na biyu, ka yi ma duniya yadda za ka yi ka tsira da kanka, ban ga laihinka ba. Amma ni kada ka taɓa yi min ƙarya kan wagga magana, ko don ka hwaranta min. Ran da kad dawo, ni za ka hwara hwaɗa ma."

Na yi masa alkawari. Daga ranar, in muna mota muna waƙa, amshi ya kawo kan kalmar shahada, sai in rufe baki in bi karin da hanci. A masallaci ina faɗin ta tare da kowa, amma ban da kusa da kunnen Kawu. Yana jin gurbin da nake bari. Bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ya ƙara ɗaga tasa muryar a wurin.

Za ku ce, to me mutum irina yake nema a waƙar da ke kiran Allah? Ni ma na sha tambayar kaina. In mawaƙin noma yana roƙon ruwa, ganyen gero ya naɗe, na san naɗewar ganyen nan, na san yadda magidanci ke kallon gabas da la'asar. In wani ya ce za a sa shi a rami mai ƙunci, abokansa su karkaɗe hannu su koma gida cin tuwo, ba sai na yarda da mala'iku ba kafin in san ramin da ƙunci. Waƙar bege ita ta fi kashe mini jiki. Mutum yana marmarin fuskar da bai taɓa gani ba har muryarsa tana karyewa. Ni da ban riƙe fuskar uwata ba, wa zai koya mini wannan? Kakanninmu duk tsoronsu da fatansu a cikin irin waƙoƙin nan suka zuba, kuma ban san inda Hausa ta fi kyau ba in ba a nan ba. In na zubar da su don na daina yarda, ban san me zai rage mini ba. Ban yarda akwai mai ji a sama ba, amma mai kukan na yarda da shi, kuma ina tare da shi.

Matsalar ita ce hawaye. Ni mai saurin hawaye ne a kan waƙa, shi kuma Kawu ya mai da hawayena hujja. Yana tuƙi yana satar kallona ta wutsiyar ido. Wata rana da damina muna hanyar Zurmi, gero ya rufe gefen titi, mawaƙin yana roƙon kada a tona masa asiri ranar tsayuwa, sai na ji fuskata ta jiƙe. Kawu ya rage murya.

"Kuka kakai."

"Waƙar ce ta yi daɗi, Kawu."

"Daɗi ba ya sa kuka. Abin na nan cikinka, kai dai ba ka sani ba."

Ya sha faɗa mini haka ina haɗiyewa. Ranar dai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Kawu, jiya ma na yi hawaye a kan waƙar ɗan damben da aka kayar a gaban mutanen garinsu. Na zama ɗan dambe ke nan? Ka daina gadin idona. Ka daina jirana, don Allah. Ba dawowa zan yi ba."

Ya taka birki har gwangwanin kaset ya fito daga ƙarƙashin kujera. Ya ce, "Sauka."

Na sauka. Ya ja mota ya ɓace a kwana. Lokacin nan 'yan bindiga sun fara ɗaukar mutane a hanyar, gero kuma ya fi mutum tsawo. Na kama tafiya ina cika ina batsewa, amma idona yana kan geron nan. Ban yi nisa ba na ji motar tana dawowa da baya, tana wani irin kuka. Ya tsaya daidai ni.

"Shiga, mai ƙaton kai. In ɓarayi sunka ɗauke ka, mi zan ce ma ƙanwata in mun gamu?"

Na shiga. Na ce ya yi haƙuri da ɗaga muryar da na yi, amma maganar tana nan yadda na faɗe ta. Ya ce, "Na sani. Shi yah hi ciwo." Can an jima ya ƙara da cewa, "Kai kac ce in bar jira. Ni ban ce na bari ba." Ya mai da kaset. Ya ja mota.

Yaya ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Ya je karatu ya dawo da yaƙinin cewa kiɗa haramun ne, kuma yana son ubansa. Tsoron wutar da Kawu ke ji mini, shi Yaya ke ji wa Kawu. Gida ɗaya, kowa yana kwana da fargabar lahirar wani. Da nasiha ta ƙi ci, sai ya ce zai tattara kaset-kaset ɗin ya ƙona. Kawu bai yi masa faɗa ba. Washegari sai ga shi a ƙofar ɗakina da gwangwanin a hammata. Ya ce, "Aje min. Ka ga duniya ko? Waƙoƙin yabon Allah sun rasa mahwaka sai ɗakin wanda bai yarda da shi ba." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa dariyar ba ta dawo ba, ya tsaya yana kallon ƙasa.

Da hare-hare suka yi yawa, direbobi da dama suka bar hanyoyin ƙauye. Kawu bai bari ba. Motarsa ta sha kwaso masu rauni daga ƙauyukan wajen Kurya Madaro zuwa asibiti, ta sha kwaso waɗanda asibiti ba zai yi musu amfani ba. In akwai gawa a baya ba ya kunna rediyo. Waɗanda suka raka shi sun ce shi da kansa yake rerawa, ƙasa-ƙasa, ba kiɗa a sitiyari, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya yi shiru. In ya dawo daga irin wannan tafiya ba ya cin abinci. Ya wanke bayan motar da kansa, ya zo ɗakina, ya ce in sa masa kaset, ya zauna a bakin gado ya rufe ido.

Bara ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya yi masa nauyi. A asibiti suka ce zuciya ce. Aka yi ta magani, daga baya aka dawo da shi gida. Motar ta zauna a ƙofar gida har kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin ƙwai. In na taso daga makaranta nakan je in sa masa waƙa a waya, in tura ta ƙarƙashin matashinsa, murya ƙasa-ƙasa. Inna ce mai gadi. In ta ji takun Yaya a zaure sai ta yi tari, in kashe. Tsohuwar nan ba ta taɓa yin tari da yawa irin na watannin nan ba.

Ranar Juma'a dole wani namiji ya zauna da mara lafiya, saboda ɗagawa da juyawa. Kullum ni nake cewa su tafi masallaci, zan zauna. Mutane suna ta sa mini albarka. Kawu kuwa in sun fita sai ya kalle ni da idon nan nasa ya ce, "Sannu da sadaukarwa, Tica."

A Juma'ar ƙarshe bai yi mini wannan tsiyar ba. Tun safe bai ce komai ba. Maza suka fita, unguwa ta yi tsit, ana jiyo huɗuba daga nesa a lasifika. Ina yi masa fifita sai na ji numfashinsa ya sake. Ya ja, ya tsaya, ya daɗe, sannan ya sake ja. Na kira Inna daga madafa. Ta shigo da gari a hannu, ta kalle shi sau ɗaya, ta durƙushe.

A wurinmu in mutum ya zo gargara ana laƙƙana masa kalmar shahada. A faɗa kusa da kunnensa a hankali har ya bi. In ya faɗa sai a yi shiru, kada a ja shi da wata magana, don ta zama ita ce ƙarshen abin da ya fito daga bakinsa. In kuwa ya sake furta wani abu na duniya, sai a sake masa. Inna ta gwada, kuka ya shaƙe ta, kalmar ta fito gutsi-gutsi. Bai motsa ba. Ta kamo hannuna ta ce, "Kai ka yi mai, muryakka yas sani. Yi sauri, ɗana."

Na sunkuya kan kunnensa. Wannan ne kunnen da na yi wa alkawari. Amma na ga kalmar nan ba tawa ba ce, tasa ce. Duk rayuwarsa fatansa ya tafi da ita a baki, masallaci da nisa, kuma ba kowa a ɗakin sai ni da tsohuwar da ta kasa magana. Na faɗa, a fili, yadda ake faɗa. Na sake. Bai ji ba, ya yi nisa.

Sai na sa ta a cikin kari. Amshin wata waƙar bege da yakan kunna da safe in muna fita daga Ƙaura, daidai wurin da nake rufe baki. Na rera. Na rera na biyu. Sai na ga yatsansa ya motsa a kan bargo, yana bugawa a hankali. Leɓɓansa suka buɗe. Ya bi ni, a karye, a karye, har ya kai ƙarshe. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi," ta ɗora yatsa a baki, wato in yi shiru.

Sai ya buɗe ido. Tar, kamar ba shi ba ne ke kwance. Ya kafe ni da su. Ya ji na cike gurbin da na yi shekaru ina bari. Da ƙyar ya tattaro numfashi ya ce, "Tica. Da zuciyakka kah hwaɗa?"

Amsar tana bakina. In na ce i, na yi masa ƙaryar da ya roƙe ni kada in yi. In na ce a'a, da ita zai tafi, kuma wataƙila ya mai da mini magana ta zama ita ce ƙarshen furucinsa. Yana kallona yana jira, jiran nan da na ce ya bari ya ƙi.

Inna ta girgiza kafaɗata. "Ya yi magana. Kada ka biye mai, sake mai kalma."

Na sake. Idonsa a kaina, ya bi ni har ƙarshe. Fuskarsa ta saki, bakinsa ya yi wani abu mai kama da murmushi. Kafin maza su dawo daga masallaci da dardumansu a kafaɗa, mun riga mun lulluɓe shi.

Inna tana faɗa wa duk wadda ta shigo cewa ya cika da kalma, kuma da fara'a. Gaskiya ta faɗa. Ni ne ban san fara'ar mece ce ba. Ko ya ɗauki maimaitawar nan a matsayin amsa, ya tafi yana murna ɗan ƙanwarsa ya dawo, wato na yaudari mutum ɗayan da ban taɓa yi wa ƙarya ba, a lokacin da ba zai ƙara ganowa ba. Ko kuma ya gane sarai, yadda ya gane a gindin tsamiya, ya yafe mini. Inna da Yaya suna kuka, amma suna sa ran haɗuwa da shi. Ni ba ni da wannan. Ba wata rana da nake jira da zan zauna kusa da shi in yi masa bayani, kuma wannan ne abin da ke tsaga mini zuciya.

Ba ni da inda zan kai roƙo. Ku da kuke da shi, ku roƙa wa direban nan gafara da rahama, ku roƙa masa kabari mai yalwa, ku yi masa abin da ni ba zan iya ba.

Kawu, ka yi tambaya, kuma na yi maka alkawarin gaskiya. Amsar a'a ce. Ban dawo ba. Na dai kasa bari ka tafi ba mai yi maka amshi.